Taki a Cikin Ruwan Sha: Yadda Birnin Niyok Ya Tunkari Matsalar Madatsar Cannonsville

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda sinadaran taki, musamman fosfaras, ke lalata ruwan madatsar da ake sha, da kuma yadda ake shawo kan hakan. An ɗauki madatsar Cannonsville ta Jihar Niyok a Amurka a matsayin misali, domin a can ne aka gwada gyaran ruwa tun daga gonaki da ƙauyukan da ke sama da madatsa, maimakon a jira shi a bakin matatar ruwa. Maƙalar ta nuna cewa ilimin kimiyyar abin bai yi wuya ba; abin da ya ɗauki shekaru shi ne daidaitawa kan wanda zai ɗauki nauyin gyaran.

1.0 Gabatarwa

Birnin Niyok yana shan kimanin galan biliyan 1 na ruwa a kowace rana, kuma mutanen da suka dogara da wannan ruwa, a cikin birnin da wasu garuruwan da ke kan hanyarsa, sun haura miliyan 9. Ruwan yana fitowa ne daga madatsu 19 da tafkuna 3. Kimanin kashi 90 cikin 100 nasa yana zuwa ne daga yankunan Catskill da Delaware, kuma har yau ba a bi da shi ta cikin matatar ruwa. Ana dai kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, sannan a sake shi cikin bututu. Birane ƙalilan ne masu irin wannan girma suke iya yin haka.

A cikin madatsun Catskill da Delaware, wadda ta fi ba hukumomi ciwon kai ta fuskar taki ita ce Cannonsville. An tare reshen yamma na Kogin Delaware ne aka gina ta, ta fara aiki a 1964, kuma tana ɗaukar galan biliyan 95.7. Ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikin madatsar, wadda za a riƙa kira magangara a wannan maƙala, ta kai kusan murabba'in kilomita 1,180, kuma ita ce mafi faɗi a duk madatsun birnin. Ƙasar kiwon shanun madara ce, ga kuma ƙananan garuruwa irin su Walton da Delhi da Stamford a bakin kogin.

2.0 Ƙoshin Ruwa

Kalmar da masana ke amfani da ita ga wannan matsala ta samo asali ne daga Girkanci, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da ya ci ya ƙoshi. Saboda haka "ƙoshin ruwa" bai yi nisa da manufa ba, sai dai a tuna cewa ƙoshi ne irin wanda ke kai ga kumburin ciki. Abin da manomi ke zuba wa gero domin ya yi kyau, wato naitirojin da fosfaras, shi ne kuma abincin gansakuka. Idan ya yi yawa a ruwan da ke tsaye, sai gansakuka ta hayayyafa har ruwa ya koma kore.

A ruwan daɗi, fosfaras ne galibi ke yanke hukunci. Wani gwaji da David Schindler da abokan aikinsa suka yi a Kanada a 1973 ya fito da wannan fili. Sun raba wani ƙaramin tafki, mai lamba 226, gida biyu da labulen roba. Duka ɓangarorin biyu an zuba musu kabon da naitirojin, amma ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras. Cikin 'yan makonni wannan ɓangare ya rufe da gansakuka, ɗayan kuwa ya kasance garai-garai. Hoton da aka ɗauka daga sama ya yi tasiri ga masu tsara doka fiye da yadda dogayen rahotanni suka yi. Adadin da ake magana a kai ma ɗan kaɗan ne ƙwarai: a madatsar Cannonsville, mizanin da hukuma ta sa shi ne maikirogiram 20 na fosfaras a kowace lita, wato giram 20 a cikin lita miliyan ɗaya.

Illar ba ta tsaya ga launi ba. A lokacin zafi ruwan madatsa mai zurfi yakan rabu: na sama ya yi ɗumi, na ƙasa ya yi sanyi, ba sa cuɗanya. Gansakukar da ta mutu sai ta nitse, ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da ita, su cinye iskar oksijin da ke ƙasa. Da zarar oksijin ya ƙare, laka takan saki fosfaras ɗin da ta riƙe, tare da sinadaran ƙarfe da manganis masu rina ruwa da tufafi. Ke nan madatsa ta koma tana ciyar da kanta da takin da aka zuba mata shekarun baya. Wasu nau'o'in kuma suna fitar da sinadarin da ke sa ruwa warin ƙasa, wanda hancin ɗan'adam ke ji ko da ɗigo ne.

Akwai waɗanda suka fi haka muni. Nau'in nan mai launin shuɗi-shuɗi, wanda a haƙiƙa bakteriya ne, yana iya fitar da guba mai suna maikirosistin, wadda ke illata hanta. A watan Agusta na 2014 an hana mutane kimanin 400,000 na birnin Toledo da ke Jihar Ohayo shan ruwan famfonsu na kusan kwana uku saboda wannan guba ta ɓulla daga Tafkin Erie. Tafasa ruwan ba ya kashe ta.

Ga birnin da ba ya tace ruwansa akwai wata damuwar ta daban. Idan sinadarin kulorin ya haɗu da ragowar gansakuka da ruɓaɓɓun ganyaye, yakan haifar da wasu sinadarai da ake zargin suna jawo ciwon daji idan an daɗe ana sha, kuma doka ta ƙayyade adadinsu. Abin da ake zubawa domin kashe cuta sai ya zama shi ma abin sa wa ido.

3.0 Doka, Kuɗi da Tsohon Ƙulli

A 1989 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa duk garin da ke shan ruwan kogi ko tafki dole ne ya tace shi, sai fa in ya tabbatar da cewa yana kare magangararsa yadda ya kamata. Abin da ƙa'idar ta fi nufa shi ne ƙwayoyin cutar gudawa da ke fitowa daga kashin mutum da na dabba, amma kashin da ke ɗauke da su shi ne kuma ke ɗauke da fosfaras, don haka maganin ɗaya ya shafi ɗayan. An ƙiyasta cewa gina matatar da za ta ɗauki ruwan Catskill da Delaware zai ci dala biliyan 6 ko fiye, ban da ɗaruruwan miliyoyin da za a riƙa kashewa duk shekara wajen gudanar da ita. Birnin ya zaɓi kare magangara.

Yunƙurinsa na farko, a 1990, bai yi armashi ba. Ya fitar da daftarin dokoki masu tsauri kan yadda za a yi noma da gini a ƙasar da mazaunanta ba su da ƙuri'a a zaɓen birnin. Mutanen yankin kuwa suna da tsohon ƙulli a zuci. Lokacin gina Cannonsville an tashi mutane kusan dubu, ƙauyuka biyar suka shige ƙarƙashin ruwa, har da wanda madatsar ta ci sunansa, aka kuma tone kaburbura aka mayar wani wuri. Waɗanda aka yi wa haka da 'ya'yansu suna raye a 1990. Garuruwan suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, aka shiga kotu. Manoma kuma suka nuna cewa idan dokokin suka durƙusar da su, za su sayar da gonakin ga masu gina gidaje, kuma kowane gida zai zo da masai da kwalta da ciyawar ado mai shan taki. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma hukumomin birnin sun gane haka.

Abin da ya biyo baya shi ne ciniki. A 1992 aka fara wani shiri na noma, a 1993 aka kafa majalisar da za ta gudanar da shi, wadda manoman yankin ne da kansu ke jagoranta. Sharuɗɗan a taƙaice su ne: shiga shirin ganin dama ne, birnin ne zai biya kuɗin gyare-gyaren, su kuma manoma suka ɗauki alkawarin jawo kashi 85 cikin 100 na manyan gonaki cikin shekara biyar, in ba haka ba a koma ga doka. Daga baya waɗanda suka shiga sun haura kashi 90. A watan Janairu na 1997 aka sa hannu kan babbar yarjejeniya tsakanin birnin da jihar da garuruwan yankin da Hukumar Kare Muhalli da wasu ƙungiyoyin kare muhalli, a zamanin Gwamna George Pataki da Magajin Gari Rudolph Giuliani. A cikinta birnin ya amince ba zai ƙwace fili ba. Zai saya ne daga wanda ya yi niyyar sayarwa, kuma zai riƙa biyan harajin filayen ga ƙananan hukumomi.

4.0 Bin Sawun Fosfaras

Fosfaras yana shiga madatsa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce bututun da ake iya nunawa da yatsa, wato masana'antun sarrafa ruwan bahaya na garuruwa. Wannan ta fi sauƙin toshewa, kuɗi kawai take buƙata. Birnin ya biya aka inganta na Walton da Delhi da Stamford da Hobart, kuma a farkon shekarun 2000 fosfaras ɗin da suke zubarwa ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Muhimmancin wannan ya wuce adadinsa, domin fosfaras ɗin ruwan bahaya narkakke ne, gansakuka na cin sa nan take, kuma yana zuwa ne ko da rani, lokacin da kogi ya ja baya. An kuma gyara dubban masai na gidajen da ke warwatse a karkara.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda ba ta da baki ɗaya: gona, da garke, da gefen hanya, duk inda ruwan sama ya wanke ya gangara. A nan ne aikin ya fi ɗaukar hankali. Ana zama da kowane manomi a tsara wa gonarsa shirinta na musamman, a duba inda ruwa ke bi, da inda shanu ke tsayawa, da inda ake jibge kashi. Daga nan sai a yi wa dandalin garke daɓen siminti da magudana, a karkatar da ruwan rufin ɗaki kada ya ratsa cikin kashi, a katange rafi a yi wa shanu kwami a wani wuri, a bar gefen rafin ya yi ciyawa da bishiyoyi masu tare ƙasa. Yankin yana da tsananin hunturu, kuma a da manomi kan watsa kashi a kan ƙasar da ta daskare, sai dusar ƙanƙara ta narke ta kwashe shi gaba ɗaya zuwa kogi. An gina rumbunan adana kashi domin a jira lokacin da ƙasa za ta iya sha, aka kuma riƙa auna ƙasar kowace gona a san wadda ta riga ta ƙoshi.

Duk waɗannan tarewa ce kawai, ba su rage yawan abin da ke shigowa ba. Masu bincike na Jami'ar Cornell da malaman gona na yankin suka yi lissafin gona kamar yadda ake lissafin shago: nawa ya shigo cikin buhunan abincin dabbobi da takin zamani, nawa ya fita cikin madara da naman da aka sayar. Sai aka ga mafi yawan fosfaras ɗin da ke shigowa ba ya fita, yana taruwa ne a ƙasar gonar shekara bayan shekara. An kuma lura ana ba shanu fosfaras fiye da buƙatarsu, bisa tsohon zaton cewa yana taimakon haihuwa, rarar kuwa tana fita cikin kashi. Da aka daidaita abincin da ainihin buƙatar saniya, aka kuma inganta ciyawar da manomi ke nomawa da kansa, fosfaras ɗin kashi ya ragu ba tare da madara ta ragu ba, kuɗin sayen abinci ma ya sauka. A cikin duk matakan, wannan ne ya fi kusa da tushen matsalar, kuma shi ne wanda manomi ke da dalilin ci gaba da shi ko da tallafi ya tsaya.

5.0 Abin da Aka Samu da Abin da Ya Rage

A farkon shekarun 2000 fosfaras ɗin Cannonsville ya sauka ƙasa da mizani, aka cire ta daga jerin madatsun da aka sa wa takunkumi, wanda a da ya hana gina sababbin masana'antun ruwan bahaya masu zuba cikin kogi. Adalci ne a faɗi cewa ba shirin kaɗai ya jawo haka ba. A cikin waɗannan shekaru gonakin madara da dama sun rufe saboda faɗuwar kasuwa, yawan shanu ya ragu, daji ya mamaye tsofaffin makiyayu. Sannan birnin yana da wata dama da garuruwa da yawa ba su da ita: idan ruwan madatsa ɗaya ya ɓaci, yana iya rage ɗiba daga gare ta ya koma wata. Mai madatsa ɗaya tal ba shi da wannan sarari.

Iyakar dabarar ta bayyana a Croton, tsohon rukunin madatsun birnin da ke kusa da shi. A can gidaje da tituna sun riga sun cika magangara kafin a farga, kuma ba a samu kuɓuta daga tacewa ba. An gina matata a unguwar Bronx wadda ta fara aiki a 2015, ta ci fiye da dala biliyan 3, alhali ruwan da Croton ke bayarwa a yau da kullum bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na buƙatar birnin ba.

A Catskill da Delaware ma ba a zauna ba. A 2013 an buɗe wata katafariyar tasha da ke kashe ƙwayoyin cuta da hasken da ido ba ya gani, domin waɗanda kulorin ba ya ci. Guguwar Irene da ta Lee, waɗanda suka zo a jere a 2011, sun nuna yadda ruwan 'yan kwanaki ke iya zaizaye gaɓar kogi ya kwaso laka da takin da aka yi shekaru ana tarewa. Fosfaras ɗin da ya riga ya taru a gonaki kuwa zai ci gaba da tsiyaya na tsawon shekaru ko da an daina ƙarawa. Izinin ƙin tacewa ba na dindindin ba ne. Wanda Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Niyok ta bayar a ƙarshen 2017 na shekara goma ne, kuma sabunta shi ya rataya ne a kan sakamakon gwajin ruwan da ake ɗiba daga madatsu da rafuka.