"Ai Tana Aiki a Kwamfutata": Abin da Ke Sa Manhaja Ta Ƙi Aiki a Hannun Mai Amfani

Ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, jirage suka kasa tashi a filayen jiragen sama da dama na duniya, wasu bankuna suka tsaya cik, wasu asibitoci suka ɗage ganin marasa lafiya. Kwamfutocin Windows ne suka riƙa nuna shuɗin allo suna mutuwa. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 abin ya shafa. Ba 'yan kutse ba ne suka yi wannan aika-aika. Wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ne ya tura sabuntawa ga manhajarsa. A rahoton da kamfanin ya fitar daga baya, ya ce manhajar ta je neman bayani na 21 a jerin da ke ɗauke da bayanai 20 kacal. Da ta miƙa hannu inda babu komai, sai ta faɗi, ta ja babbar manhajar Windows suka faɗi tare.

Ƙwararru ke nan masu ɗimbin ma'aikata. To ina ga matashin da ya koyi Python ko C# a YouTube, ya haɗa wa kantin magani manhajar lissafin kaya, ko ya yi wa makarantar unguwa manhajar fitar da sakamakon jarrabawa? Kuɗinsa da sunansa suna rataye ne a kan abu guda: manhajar ta yi aiki a kwamfutar wanda ya saya, ba a tasa kaɗai ba.

Wanda ya saba da waya yakan yi mamakin yawan rigimar manhajar kwamfuta. A waya, Play Store ne ke duba irin na'urar, ya zaɓo abin da ya dace da ita, ya girka shi a wurin da aka keɓe masa. A kwamfuta kuwa, yawancin wannan ɗawainiya tana wuyan maginin manhajar. Kowace kwamfuta da halinta: wata Windows 10, wata Windows 11, wata tsohuwa ce 'yar gwanjo mai RAM ɗin gigabayit 4. Shi ya sa akasarin matsalolin ke da tushe ɗaya: maginin ya ɗauka abin da ke kwamfutarsa yana kowace kwamfuta. Gyara kuma shi ne gano wane zato ne ya ci amanarsa.

Fayil ɗin da aka bari a gida

Matsalar farko takan zo ne tun kafin manhaja ta buɗe. Ana danna ta, sai saƙo ya fito cewa ba a sami VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ba. Fayilolin DLL tamkar kayan aikin aro ne, manhaja ba ta ɗauke da su a jikinta, tana sa ran ta tarar da su. Waɗannan biyun na cikin ƙunshin Visual C++ Redistributable na Microsoft. Kwamfutar magini tana da su domin sun shigo tare da Visual Studio, ita kuwa ta mai kanti wataƙila ba ta taɓa ganin su ba. Haka abin yake ga manhajar C# da ke buƙatar .NET Desktop Runtime, ko ta Python da aka kai kwamfutar da babu Python.

Kuskuren da mutane ke yawan yi shi ne su nemi sunan fayil ɗin a Google, su sauke shi daga shafin da ba su sani ba, su jefa a cikin Windows. Wannan hanya ce da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke bi su shiga. Maganin shi ne a sauke ƙunshin gaba ɗaya daga shafin Microsoft, kuma magini ya haɗa shi cikin fayil ɗin girka manhajarsa. Masu Python suna da PyInstaller, wanda ke ɗaure manhaja da duk abin da take buƙata wuri guda.

Akwai ƙanwar wannan matsala, wato lambar 0xc000007b. Sau da yawa tana nufin an gwama manhaja mai bit 64 da DLL mai bit 32, ko akasin haka. Windows ma tana ƙara rikita mutane, domin a kwamfuta mai bit 64, foldar System32 ce ke ɗauke da fayiloli masu bit 64, ita kuma SysWOW64 ta ɗauki masu bit 32.

Tagar da ta daskare

Duk mai wayar Android ya san saƙon nan da ke cewa manhaja ba ta amsawa, a rufe ta ko a jira. A Windows, tagar ce ke yin fari-fari, a rubuta "Not Responding" a samanta. Dalilin ɗaya ne, har ma'aunin lokacin ma kusan ɗaya: idan manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta kula da dannawar mai amfani ba, babbar manhaja takan ɗauka ta maƙale.

A mafi yawan lokuta manhajar ba mutuwa ta yi ba, aiki ne ya sha mata kai. Kowace manhaja mai taga tana da layin aiki guda da ke zana maɓallai, yana kuma sauraron linzami da allon rubutu. Kamar mai shago ne shi kaɗai: idan ya shiga sito ƙirga buhuna, masu saye sai su yi ta sallama babu amsa. Idan magini ya ɗora wa wannan layi aiki mai nauyi, kamar karanta fayil ɗin Excel mai layuka dubbai ko jiran amsa daga intanet, taga za ta daskare. A kwamfutarsa mai sauri ba zai lura ba. Sai an kai ta inda netwok ke jan ƙafa sannan asiri ya tonu.

Mafita ita ce a ɗauko yaron shago, wato a mayar da aiki mai nauyi wani layin na daban. A C# ana amfani da async da await, a Qt akwai QThread, a Python akwai threading. Sharaɗi ɗaya ne: layin bayan fage kada ya taɓa taga da kansa, ya aika wa babban layi sakamako shi ya nuna. Saɓa wannan kan haifar da faɗuwar da ke zuwa yau, gobe ta ƙi zuwa, wadda ta fi kowace wuyar kamawa.

Ranar da "ƙasa" ta koma "Æ™asa"

Wannan ta shafi Hausawa kai tsaye. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, harafin ƙ yana cin bayit biyu. Idan wata manhaja ta karanta bayit ɗin nan biyu da tsohon tsarin Windows-1252 da aka yi domin harsunan Yammacin Turai, sai ta ga haruffa biyu daban: Æ da ™. Haka ɗ ke komawa É—, ɓ kuma ta koma É“. Wanda ya ga Ɗanladi ko Ƙaura sun zama shirme a takardar sakamako, to wannan ce ta same shi.

A Python, idan aka buɗe fayil a Windows ba a faɗi tsarin haruffa ba, an daɗe ana faɗawa kan tsarin da kwamfutar ke kai, wanda galibi babu ƙ a cikinsa. Ƙara encoding="utf-8" wajen buɗe fayil yana kashe wutar. Idan fayil ɗin CSV ne da za a buɗe a Excel, a sa utf-8-sig domin Excel ya gane. Masu amfani da SQL Server su zaɓi NVARCHAR wajen adana sunaye. Gwajin kuma mai sauƙi ne: tun ranar farko a shigar da suna mai ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, a adana, a rufe, a buɗe, a buga a takarda.

Ina bayanan suka shiga?

Wata manhajar takan buɗe lafiya, amma ta ƙi adana komai. Sau da yawa magini ne ya rubuta adireshin folda ta kwamfutarsa a cikin manhajar, har da sunansa a ciki, alhali babu wannan folda a wajen mai saye. Wani kuma yakan sa manhajar ta adana bayanai a inda aka girka ta, cikin Program Files. Tun daga Windows Vista, manhaja ba ta da izinin rubutu a can sai da ikon mai gudanarwa. Wurin da aka tanada shi ne AppData, kuma manhaja ta tambayi Windows adireshinsa maimakon ta yi hasashe. Cewa mai saye ya riƙa buɗe ta da "Run as administrator" rufe ciwo ne da tsumma.

Sai kuma ɗauke wuta, wanda duk mai kwamfutar tebur a Najeriya ko Nijar ya san zafinsa. Idan wuta ta tafi manhaja na tsakiyar rubuta fayil, sabon bai kammala ba, tsohon kuma an riga an goge shi. Cinikin wata guda na iya salwanta a haka. Dabarar ita ce a rubuta sabon a wani fayil na wucin gadi, sai ya kammala a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Wanda ya fi wannan shi ne amfani da SQLite, rumbun bayanan da Richard Hipp ya fitar a 2000, wanda ke cikin kowace wayar Android da iPhone. An gina shi ne yadda aiki zai shiga gaba ɗaya ko kada ya shiga sam, babu rabi da rabi.

Cutar da ke jiran lokaci

Akwai manhajar da ke tashi garau da safe, kafin la'asar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Wannan yoyon ƙwaƙwalwa ne: tana aron RAM ba ta mayarwa, tana buɗe fayil ko hoto ba ta rufewa. A danna Ctrl, Shift da Esc a buɗe Task Manager, a maimaita aiki guda sau 50 ana kallon lambar RAM. Idan hawa kawai take ba sauka, an kama ɓarawon.

Microsoft ma ta taɓa faɗawa irin wannan rami. Windows 95 da 98 suna iya maƙalewa bayan kwana 49.7 a kunne, domin ma'aunin da ke ƙirga lokaci yana cika idan ya kai 4,294,967,296 na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Gwajin minti goma ba zai taɓa nuna irin wannan ba.

Sanin wurin bugu shi ne ƙira

Bambancin gwani da ɗan koyo ba yawan haddar lambobi ba ne, tsarin bincike ne. Mataki na farko shi ne karanta saƙon kuskure har ƙarshe. Mutane da yawa suna danna OK kafin su karanta, alhali amsar na ciki. A Python, layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma su nuna fayil da lambar layi. Idan manhaja ta rufe kanta babu sallama, a buɗe Event Viewer, a shiga Windows Logs, sannan Application. Nan za a ga sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar da lambar kuskure. Lambar 0xc0000005, misali, tana nufin manhaja ta taɓa wurin ƙwaƙwalwa da ba nata ba.

Na biyu, a sa matsalar ta sake faruwa da gangan. "Ba ta aiki" ba bayani ba ne. Magini ya tambayi mai saye me ya danna, me ya rubuta, wace Windows ce, sannan ya ce a ɗauko masa hoton allon ko bidiyo da waya a turo ta WhatsApp. Matsalar da ba a iya maimaitawa, ba a iya tabbatar da an gyara ta.

Na uku, manhaja ta riƙa rubuta tarihin abin da take yi a wani fayil, da lokaci da duk kuskuren da ta ci karo da shi. Magini na Kano, mai saye na Maraɗi, wannan fayil ne shaidar gani da ido. Mafi munin ɗabi'a ita ce a kama kuskure a haɗiye shi shiru don kada mai saye ya gani.

Na huɗu, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Mai amfani da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, yana da git bisect, mai raba tarihin canje-canje biyu-biyu. Cikin canji 1,000, gwaji kusan 10 ya isa a gano wanda ya ɓata lamarin.

Na ƙarshe, kada a miƙa manhaja sai an gwada ta a kwamfutar da ba ta san maginin ba. Windows Sandbox da ke cikin nau'in Pro yana ba da sabuwar Windows fes, VirtualBox kuma kyauta ne. A girka manhajar a can da asusun da ba na mai gudanarwa ba, a kashe intanet, a shigar da sunaye masu ƙugiya, a kashe na'urar tana tsakiyar adanawa. Idan masu saye suna da yawa, a fara ba mutum biyu ko uku sabuwar siga kafin sauran. Tura sabuntawa kashi-kashi na cikin matakan da CrowdStrike ya yi alkawarin ɗauka bayan ɓarnar 2024.

Mai kantin magani ba ruwansa da DLL ko UTF-8. Abin da ya sani shi ne ya biya kuɗi, kuma layi ya taru a gabansa. Awa biyu na irin wannan gwaji kafin miƙa aiki sun fi sauƙi a kan kiran waya da tsakar dare, kuma su ne ke sa mai saye ya turo wa magini maƙwabcinsa.