Mun je Bilma, garin da kantun gishiri ke fitowa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi a Damagaram, Maraɗi, Maigatari ko Jibiya ya san kantun gishirin Bilma. Makiyayi zai ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa, ya lasa, sannan a fara ciniki. Amma kaɗan ne cikin masu saye da sayarwa suka taɓa ganin inda yake fitowa. Wannan ne ya sa muka ɗauki na'urarmu ta ɗaukar murya muka kama hanyar Kawar, a gabashin jihar Agadas, domin mu gano wa masu karatu da idonmu.

Daga Agadas zuwa Bilma tafiya ce ta wajen kilomita 600 cikin hamadar Tenere. Mu mun bi ayarin motoci ne da sojoji ke yi wa rakiya har Dirku, daga nan muka gangara kudu zuwa Bilma. Babu kwalta, babu inuwa, rairayi ne iya ganinka. Ko itacen nan guda ɗaya da aka san Tenere da shi, wata mota ta buge shi a 1973. Gangar jikinsa na gidan tarihi na Yamai, a wurin kuwa an kafa na ƙarfe domin matafiya su riƙa gane hanya.

Bayan wannan fako sai ga dabinai kore shar da idanun ruwa a gindin duwatsu. Mazauna garin yawanci Barebari ne da Tubawa. Wurin gishirin yana bakin gari, ana kiran sa Kalala. Ramuka ne ɗaruruwa, wani ruwansa ja, wani ruwan ɗorawa, wani kuma ya daskare fari fat kamar an shimfiɗa alawayyo. Tsakanin ramukan akwai tsibin ƙasar da aka haƙe tun zamanin kakanni.

Aikin yana da lokacinsa. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashi, ya narkar da gishirin da ke cikin ƙasa. Idan bazara ta kama, rana na ƙona ruwan har ɓawon gishiri ya rufe samansa. Sai ma'aikata su shiga su farfasa ɓawon ya nutse, wani sabo ya sake haɗuwa, haka dai har ramin ya tara. Zafi kuwa ba a magana: a watan Yunin 2010 an auna digiri 48.2 a garin. Mun ga ƙafafun masu aikin duk sun tsattsage saboda tsayuwa cikin ruwan gishiri.

Gishirin iri biyu ne. Akwai beza, farin da ake sa wa abinci. Akwai kuma na dabbobi, wanda ake kwaɓawa da ƙasa mai gishiri, a zuba cikin kututturen dabino da aka fafe, a kifar a rana ya bushe. Shi ne kantu, wanda nauyinsa kan kai kilo 20 ko fiye.

Da damina ta ƙare, daga watan Oktoba, ayarin Abzinawa ke fara isowa. Suna kawo gero da sauran kayan abinci, su koma da gishiri da dabino. Tunda babu kiwo a Tenere, raƙuma na ɗauke da ciyawarsu, ana ajiye wani kaso a hanya saboda dawowa. Madugu na bin rana da taurari, zangon da ake dogara da shi a tsakiya kuwa shi ne Fashi, inda su ma suke yin gishiri. Bayan sun huta a Abzin sai su gangaro Damargu da ƙasar Hausa su yi rani, su sayar, su sayi geron baɗi. A farkon ƙarni na 20 ayari ɗaya kan kai raƙuma dubu 20. Farin shekarun 1970 da 1980 ya karya dukiyar makiyaya, daga baya manyan motoci suka shigo harkar, amma har yau raƙumi bai bar hanyar ba.

A nan akwai abin lura ga 'yan kasuwa. Mutumin Bilma ba ya noma gero, da gishiri yake sayen abincinsa. Saboda haka shekarar da gero ya yi tsada a kudu, sai mai ayari ya nemi gishiri da yawa a kan buhu guda, wahalar ta faɗa kan mai haƙa. Na biyu, babban abokin gabar gishiri ruwa ne. A watan Agustan 2006 ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a Bilma, ya rusa gidaje masu yawa, domin da ƙasa mai gishiri ake gina su. Abin da ya narkar da gida ba zai bar kantu ba. Wanda ya saro, ya ɗora shi a kan katako cikin rumbu mara yoyo, ya naɗe da tabarma kada ya karye a mota, domin karyayyen kantu ba ya yin kuɗin lafiyayye. Na uku, beza ba shi ne gishirin buhu mai sinadarin ayodin da likitoci ke cewa a ci domin kare kai daga maƙoƙo ba. Ya kamata mai saye ya san wannan.

Ga mai niyyar zuwa, lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma a tanadi bargo domin sanyin dare yana ratsa ƙashi. A riƙe takardun shaida, a tambayi hukuma halin tsaro kafin a tashi, a ɗauki ruwa fiye da lissafin kwanakin tafiya, kuma kada mota ɗaya ta shiga ita kaɗai. A 2017 mutane 44, yawancinsu 'yan Gana da Najeriya, sun mutu da ƙishirwa bayan motarsu ta lalace tsakanin Agadas da Dirku.

Mun dawo da kantu ɗaya tsaraba, ya iso gida bai karye ba. Allah ya ba masu wannan sana'a lafiya, ya sa albarka a kasuwa.