Wa Ke Da Yanar Gizo?

A shekarar 1989 ne wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janiba, ya tsara hanyar ƙulla rubutu da rubutu a cikin kwamfutoci, ta yadda mai karatu zai taɓa kalma guda ta sada shi da wani shafi ko da yana wata nahiya. Amma abin da ya fi hikimar kanta muhimmanci, a ganina, shi ne hukuncin da cibiyar ta zartar ran 30 ga Afrilu 1993, inda ta sakar wa jama'a wannan fasaha ba ta nemi ko anini ba, tamkar wakafi, kowa ya kafa shafinsa ba sai da izinin wani ba.

To, kafa shafi a wancan zamanin aikin masu sani ne, saboda haka da Facebook ya bayyana a 2004, Twitter kuma a 2006, suka ce kowa ya zo ya rubuta kyauta, sai jama'a suka yi tururuwa. Kyautar kuwa da sharaɗinta, domin kamfani ne ke zaɓen abin da ido zai fara gani, shi ne kuma ke tattara bayanan mutum don 'yan talla su same shi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya shekara yana ɗora hotunan shadda da atamfa, masu saye na turo saƙo suna tambayar nawa turmi, ran da aka rufe masa shafi ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara, abokan cinikinsa kuma sun ɓace tare da shafin. Ko Twitter ɗin ma, attajiri guda, Elon Musk, ya saye shi a 2022 kan dala biliyan 44, ya sauya masa suna da ƙa'idoji yadda ya ga dama.

Mas'alar da za ta yanke makomar dandalin sada zumunta ita ce ko mutum zai iya ƙaura da mabiyansa, kamar yadda tun 2013 ɗan Nijeriya ke iya sauya kamfanin waya bai rasa lambarsa ba. Mastodon, wani dandali da aka fara a Jamus a 2016, a kan wannan tafarki aka gina shi, sai dai har yanzu jama'arsa ƙalilan ce, don ba mai son ya tare inda danginsa ba sa nan. Irin wannan matsala ce ta sa Tarayyar Turai ta bi ta hanyar doka a 2022, ta wajabta wa manya irin su WhatsApp buɗe ƙofa ga saƙonnin wasu manhajoji.