Zango Mai Tuddai: Ranar da Hasashe Ya Fi Wuya a Tseren Keke

Gasar Tour de France, wadda jaridar L'Auto ta ƙirƙiro a 1903, makonni uku ake yi ana gwabzawa a cikinta. An kasa ta zango 21, tafiyar kusan kilomita 3,500, kuma kowane zango da irin hanyarsa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, masu ƙarfin cinya da ke iya tsinkewa da gudu a mita 200 na ƙarshe ne ke cin kasuwarsu. A manyan duwatsun Alps da Pyrénées kuwa, sirara marasa nauyi ne ke sarauta. Tsakanin waɗannan biyun akwai zango mai tuddai: hanya ce da ba ta miƙe ba, ba ta kuma kai dutse ba, hawa da gangara ne kawai tun hantsi har la'asar. Wannan ne zangon da ke rikita masu sharhi.

Abin da ya sa shi ne, mutum iri uku na iya cin sa. Akwai gwanayen gajeren hawa, waɗanda ke iya zuba dukkan ƙarfinsu cikin minti uku ko huɗu. Akwai manyan masu neman lashe gasar gaba ɗaya, da ke farautar daƙiƙoƙi. Sai kuma 'yan ɓallewa, mutum biyar ko goma da ke ficewa daga ayari tun da wuri su yi ta bugawa, da fatan ba za a cim musu ba.

Sai an fahimci ayari kafin a fahimci sauran. Babban abokin gabar mai keke iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wahalarsa da kusan kashi uku cikin goma, wanda ke can tsakiyar taro kuwa ya fi haka samun sauƙi. Shi ya sa ayarin mutum fiye da 150 ke iya barin 'yan ɓallewa su ba shi ratar minti biyar ba tare da hankalinsa ya tashi ba. Robert Chapatte, tsohon ɗan tsere da ya zama mai sharhi a talbijin ɗin Faransa, ya bar wa mutane wani lissafi da har yau ake ambato: ayarin da ya tashi bi haiƙan yana cinye ratar minti ɗaya a kowane kilomita 10. A shimfiɗa lissafin kan yi aiki. A tuddai yakan karye, domin a hawa gudu na raguwa, amfanin laɓewa ya ragu tare da shi, kuma kwana-kwana da ƙananan hanyoyin ƙauye ba sa barin taro ya jeru yadda yake so. A 2019, a zango na 8 da ya ƙare a Saint-Étienne, Thomas De Gendt ɗan Beljiyam ya fice tun farkon tafiyar kilomita 200, ya zubar da abokan ɓallewarsa ɗaya bayan ɗaya, ya isa da ratar daƙiƙa 6 kacal.

Don haka tambayar farko da mai hasashe na ƙwarai ke yi ba ita ce wa ya fi ƙarfi ba. Tambayar ita ce: wace ƙungiya ce za ta yarda ta ƙona mutanenta wajen bin 'yan ɓallewa? Kowace ƙungiya mutum takwas take zuwa da su. Idan biyu ko uku sun yi imanin gwaninsu zai ci, za su sa yaransu a gaba su ja ayari wuni guda. Idan kowa ya tsaya jiran wani ya fara, to zango ya zama na waɗanda suka fice. Ana yanke wannan shawara ne a cikin motocin ƙungiyoyi da safe, wani lokaci ma a canza ta a kan hanya ta rediyon da ke kunnen 'yan tsere, kuma babu ɗan kallon da ke jin ta.

Bayan haka sai a duba taswirar hanya. Masu shirya gasar na ba wa kowane hawa daraja, daga ta huɗu, mafi sauƙi, zuwa ta ɗaya, sannan waɗanda suka wuce misali. Amma yawan tuddai bai kai matsayin na ƙarshe muhimmanci ba. Tudun da ke kilomita 30 kafin ƙarshe yana ba waɗanda aka bari damar dawowa. Wanda layin ƙarshe ke bisa kansa ba ya yafe wa kowa.

Mûr-de-Bretagne, a lardin Bretagne da ke arewa maso yammacin Faransa, shi ne misalin da ya fi fito da wannan. Tsawonsa kilomita 2 ne, matsakaicin tsayuwarsa kashi 6.9 cikin ɗari, wato a kowace tafiyar mita 100 ana ɗaguwa kusan mita 7. Kilomitar farko ta kusa kashi 10, kuma hanyar a miƙe take sambal, mutum na hango wahalar da ke jiransa. Duba waɗanda suka ci a can. A 2011 Cadel Evans ɗan Ostareliya ya doke Alberto Contador da tazarar da sai da aka duba hoto, bayan Contador ya riga ya ɗaga hannu, kuma Evans ne ya lashe gasar a shekarar. A 2015 Alexis Vuillermoz ne, Bafaranshen da ba ya cikin manyan taurari. A 2018 Dan Martin, ranar da ƙafar keken Tom Dumoulin ta lalace dab da hawan ƙarshe ya yi asarar lokaci. A 2025 Tadej Pogačar. Tudu ɗaya, mutane daban-daban.

Na 2021 ya fi kowanne daɗin bayani, domin akwai lissafi a ciki kuma akwai zuciya. Mathieu van der Poel ɗan Holan ya wayi gari yana bayan jagoran gasar mai riga ruwan ɗorawa, Julian Alaphilippe, da daƙiƙa 18. Sau biyu za a hau tudun a ranar. A hawan farko akwai garaɓasar daƙiƙa 8 ga wanda ya fara kaiwa, a ƙarshe kuma 10. Kowa ya ɗauka zai adana ƙarfinsa, sai ya kai hari tun a hawan farko ya kwashe takwas ɗin, ya koma cikin ayari ya huta, ya sake tsinkewa a na biyu ya ci. Ya karɓi rigar da ratar daƙiƙa 8, yana kuka yana nuna sama. Kakansa na wajen uwa, Raymond Poulidor, wanda ya rasu a 2019, ya hau mumbarin Tour sau takwas amma ko kwana ɗaya bai taɓa sa wannan rigar ba. Wanda ya san labarin gidan ya fi wanda ya haddace alƙaluma kusa da gane abin da zai faru ran nan.

A nan caca ke shigowa, kuma ta daɗe da kama wuri a wasan. Kamfanin cacar dawaki na PMU ya yi shekaru yana ɗaukar nauyin koriyar riga ta wanda ya fi tara maki, kuma hukumomin cacar Faransa da Beljiyam, FDJ da Lotto, sunayensu na kan rigunan ƙungiyoyi. Kamfani kan sa wa kowane ɗan tsere ninki. Ninki 4 na nufin wanda ya zuba dubu zai karɓi dubu huɗu idan ya dace, wato kamfanin na cewa damarsa kashi 25 ce cikin ɗari. Ninki 20 kashi 5 ke nan. Da gaskiya tsantsa ake bi, in an tara damar dukkan 'yan tsere sai ta ba da ɗari cif. Ba ta taɓa bayarwa. Kullum tana haurawa, kuma abin da ya haura shi ne ribar kamfani, ko wa ya ci. Zango mai tuddai ya fi yi musu daɗi, domin sunaye goma sha ne ke da hujjar a zaɓe su, kuɗin jama'a ya warwatsu a kansu, ɗaya tak ya ci.

Ga mafi yawan masu karanta wannan rubutu hukuncin caca a addini sananne ne, kuma ko an ajiye wannan gefe, ban ga yadda ilimin hanya da na ƙungiyoyi zai rinjayi lissafin da aka gina don mai zubawa ya yi asara ba. Akwai kuma abin da ba ya cikin kowace taswira. Kwana ɗaya kafin nasarar van der Poel, wata 'yar kallo ta miƙo kwali cikin hanya tana neman kyamara, Tony Martin ya buge shi, 'yan tsere da dama suka zube a kansa. Ita kanta hukumar keke ta duniya, UCI, ta hana 'yan tsere yin caca a kan gasar da suke ciki, domin wanda ya san ƙungiyarsa ba za ta bi 'yan ɓallewa ba yana riƙe da labarin da za a iya sayarwa.