Ɓarɓashin Da Ke Toshe Magudanar Ido: Yadda Gurɓataccen Ilastin Ke Kai Ga Makanta

A shekarar 1917 wani likitan ido ɗan ƙasar Finlan, John Lindberg, ya lura da wasu fararen ɓarɓashi kamar dusa a gefen ƙofar da haske ke shiga ido. Ya fi ganinsu a idanun tsofaffi masu fama da hawan jinin ido, wato gilakoma. Da farko an zaci fatar gilashin cikin ido ce ke saɓa, kamar yadda take yi wa masu hura gilas saboda zafin wuta. Daga baya aka gano cewa fatar ba ta saɓa ba, wani abu ne dabam ke taruwa a kanta. Shi ya sa likitoci ke kiran ciwon sudo-eksfoliyeshan, ma'ana saɓar bogi.

Tushen matsalar yana cikin ilastin, furotin ɗin da ke sa fata, huhu da jijiyoyin jini su miƙe su koma yadda suke kamar roba. Saƙa shi jiki yake yi: yana shimfiɗa siraran zaruruwa na furotin ɗin fibirilin, ya jera ƙananan tubalan ilastin a kansu, sannan wani sinadari mai suna LOXL1, wanda ke aiki da taimakon jan ƙarfe, ya ɗaɗɗaure su. A idon mai wannan ciwo saƙar tana lalacewa. Ƙwayoyin halitta suna fitar da zaruruwan fiye da kima, su cukurkuɗe su zama dunƙulen da jiki ba ya iya narkarwa.

A shekarar 2007 masu bincike a Aisilan da Suwidin suka nuna cewa wasu sauye-sauye a ƙwayar gadon da ke samar da LOXL1 suna da alaƙa mai ƙarfi da ciwon. Sai dai gado kaɗai bai isa ba, domin mafi yawan masu ɗauke da sauyin ba sa kamuwa. Bugu da ƙari, a tsakanin baƙar fatar Afirka ta Kudu an samu akasin abin da aka gani a Turai: nau'in da ake ɗauka kariya ne a can, shi ne ke tafe da haɗari.

Ɓarnar tana zuwa ta hanyoyi uku. Ta farko, ɓarɓashin yana bin ruwan cikin ido ya toshe rariyar da ruwan ke fita, sai matsin ido, wanda bisa al'ada yake tsakanin 10 zuwa 21 a ma'aunin likita, ya hau. Ta biyu, faifan mai ƙofofi da jijiyar gani ke ratsawa a bayan ido shi ma da ilastin aka saƙa shi. Idan ya yi rauni, jijiyar ba ta jure matsin. Ta uku, zaruruwan da ke riƙe da gilashin ido suna sakwarkwacewa, abin da ke sa aikin cire yanar ido ya fi wuya da haɗari. Wannan nau'in hawan jinin ido ya fi na yau da kullum saurin ɓarna, kuma sau da yawa ido ɗaya yake fara kamawa, ɗayan ya rufa masa asiri.

Ciwon ya fi bayyana bayan shekara 60, daidai lokacin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ke ajiye aiki. Yawanci ba ya zuwa da zafi ko ja, kuma ganin gefe yake fara ci. Sunan hawan jinin ido ma yana ruɗarwa: mai lafiyayyen awon jini na iya kamuwa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna gilakoma ce ta biyu wajen makantar da 'yan Najeriya, bayan yanar ido.

Har yanzu babu maganin da ke hana ɓarɓashin taruwa, amma ana sauke matsin da maganin ɗigawa, hasken leza ko tiyata. Ganin da ya tafi ba ya dawowa. Saboda haka duk wanda ya haura 40 ya riƙa zuwa wurin likitan ido ana auna matsin idonsa, a ɗiga masa maganin buɗe ƙofar haske a duba gilashin da jijiyar. Gwajin tabarau kaɗai ba ya nuna wannan ɓarɓashi.