Sibawaihi Ma Ya Taɓa Yin Lahani

 Akwai wata magana da nake yawan ji a ajinmu: "Ni kaina ba ya jan Larabci." Wasu daga cikin waɗanda muka fara tare da wannan magana suka ajiye karatu. Ni ma na kusa bin su, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani a kanta.

A shekarata ta farko malam ya nuna ƙofa ya ce in faɗi mene ne wannan. Na miƙe na ce "hazihi babun." Aji ya fashe da dariya. Da Hausa ƙofa mace ce, amma "bab" a Larabci namiji ne, "haza babun" ake cewa. Wallahi daga ranar na yi kusan wata biyu ban sake ɗaga hannu ba. Ina haddace darasi, amma bakina a rufe. Da jarrabawar baki ta zo, waɗanda suka yi ta kuskure ana gyara musu su suka wuce ni.

Abin da ya sauya min tunani shi ne labarin Sibawaihi. Shi ba Balarabe ba ne, mutumin Farisa ne. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ya je Basara neman hadisi wajen Hammadu ɗan Salama. Wata rana ya yi rufu'a a inda ya kamata ya yi nasabi, malamin ya ce masa ya yi lahani. Bai gudu gida ba. Sai ya ƙudurta neman ilimin da zai tsare harshensa daga irin wannan kuskure, ya lazimci Khalilu ɗan Ahmad. Daga ƙarshe ya rubuta Al-Kitab, wanda har yau shi ne uwa a fannin nahawu. Ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira. Haka ma Ibnu Ajurrum, mai Ajurumiyyar da muke karantawa, ɗan ƙabilar Sanhaja ne ta Barbar, ya rasu a Fas a shekara ta 723 bayan Hijira. To ka gani, Larabawa ma a hannun waɗannan suka koyi ƙa'idar harshensu.

Ni da Sibawaihi duk mun yi kuskure a gaban mutane. Bambancin yana wajen fassarar da kowa ya yi wa kuskuren. Ni na ɗauke shi hukunci ne a kan ƙwaƙwalwata. Shi kuwa ya ɗauke shi alama ce da ke nuna masa inda zai ƙara aiki. Wata malamar ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Carol Dweck, ta fitar da littafi a 2006 kan wannan batu. Ta raba tunanin mai koyo gida biyu: wanda ke ganin basira kyauta ce tsayayya, ko kana da ita ko ba ka da ita, da wanda ke ganin tana ƙaruwa da aiki. Na farko yana tsoron abu mai wuya don kada asirinsa ya tonu. Na biyu yana shiga, don ya san a nan ake ƙaruwa.

Kuma mu Hausawa ba daga sifili muke farawa ba. Sunayen ranakunmu daga Lahadi zuwa Asabar na Larabci ne, haka ashirin da talatin da arba'in, haka littafi da alƙalami. Muna bambanta kai da ke, shi da ita, kamar anta da anti, huwa da hiya. Rana mace ce a harsunan biyu, wata kuma namiji. Jam'in taksiri da ke ba mu tsoro, kamar kitab ya koma kutub, ai mu ma muna cewa gida gidaje, doki dawaki. Wuraren da ke da wuya da gaske sanannu ne: musanna, sigogi 14 na tasrifin fi'ili, da furta haruffa irin su ainu da ladi. Idan ka san sunan abin da ke damunka, ka rage masa girma.

Amma kyakkyawan tunani shi kaɗai ba ya cika tulu, sai da naci. Harshe yana zama ne da maimaitawa. Wanda ya yi minti ashirin kullum ya fi wanda ya kwana yana karatu daren jarrabawa, domin abin da aka cusa dare ɗaya saurin zubewa yake yi. Yi lissafi: kalma 5 a rana, a wata 150 ke nan, a shekara sama da 1,800. Ni yanzu ina da ƙaramin littafi da nake rubuta kurakuraina kaɗai, kowanne da gyaransa, ina dubawa bayan sallar asuba. Ni da abokina kuma mun yi alkawari, daga ƙofar makaranta zuwa gida ba ma Hausa, ko da jimlar ta fito a karye. Wannan dabara ita na ɗauka na kai kan Faransanci, kuma tana aiki.

Roƙona ga ƴan ajinmu: idan ɗan uwa ya yi lahani, a gyara masa ba tare da dariya ba, don dariya ɗaya tana iya rufe baki wata biyu, ni shaida ne. Iyayenmu kuma, idan yaro ya faɗi jarrabawa kada a yi saurin cewa ba shi da kai. A tambaye shi wane babi ne ya gagare shi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa.

Allah ya buɗe mana ƙwaƙwalwa, ya warware ƙullin harshenmu, ya saka wa malamanmu da alheri. Amin.