Aikin da ke cin intanet a ɓoye: yadda ake gano lambarsa a kwamfuta

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, ciniki da yawa ya koma kan waya, inda mai saye da mai sayarwa ke haɗuwa a Bankak na Bankin Khartoum. Da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairun 2024, jama'a a wurare da dama sai da suka koma sayen intanet na Starlink awa-awa. Saboda haka mu da ke garuruwan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno zuwa Abu Na'ama, da masu fatauci zuwa Gallabat da Kurmuk, mun san intanet da cajin batir dukiya ne.

To amma kwamfuta kan ci wannan dukiya mai ita bai sani ba. Wannan bayani na masu aiki da Linux ne, tsarin da Linus Torvalds ya fara a 1991, musamman yaran shago da ke rubuta umarni a baƙin allon nan na Bash.

Idan mutum ya rubuta umarni, misali wget don sauko da babban fayil, ya sa alamar & a ƙarshe, aikin zai koma bayan fage ya ci gaba, allo kuma ya ba shi damar yin wani abu. Nan take Bash zai nuna lambobi biyu, kamar [1] da 4821, kuma a nan ne mutane ke rikicewa. Ta farko tamkar lambar layi ce a tashar mota, wadda ba ta da amfani sai a wannan tasha. Ta biyu ita ce PID, kamar lambar da ke jikin mota, wadda duk kwamfutar ta san aikin da ita.

Wanda ya manta lambar sai ya rubuta jobs -l, zai ga ayyukansa kowanne da lambobinsa biyu. In na ƙarshe kawai yake nema, echo $! ya isa. Daga nan kill 4821 zai tsayar da aikin, haka ma kill %1. Alamar % ɗin nan ba ado ba ce, domin wanda ya rubuta kill 1 ya nufi uban ayyuka ne, wanda kwamfuta ke tashi da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, jobs ba ya ganin komai sai abin da aka tayar a tagar da ake ciki. Buɗe wata taga ka tambaya, zai yi shiru, alhali aikin na can yana zuƙar intanet. Maganin wannan shi ne pgrep -a wget, wanda ke binciko aiki da sunansa, ko ps -e da ke jero kowa da kowa.

A ganinmu, kill -9 da matasa ke gaggawar bugawa bai dace ya zama matakin farko ba, don ba ya barin aiki ya rufe fayilolinsa, kuma in littafin bashi ne ake cikin ajiyewa, yana iya lalacewa. Haka nan kada a dogara da lambar jiya, domin idan aiki ya ƙare, kwamfuta na iya ba wani sabon aiki lambarsa. Fayil ɗin da aka katse kuwa, wget -c zai ɗora daga inda ya tsaya.